Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin jihar Maradi kan yaran riƙo da ake raba su da 'yan'uwansu

Zuwa ga Mai girma Gwamnan jihar Maradi, da Mai shari'a alƙalin yara, da shugabannin ma'aikatar kare yara ta jiha, da iyayenmu sarakuna, masu gari da masu unguwa, da malamanmu limamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da Allah ya ɗora muku nauyinta. Allah ya taya ku riƙo, ya ja zamanin sarakunanmu, ya ƙara wa malamanmu lafiya.

Ni malamar makarantar firamare ce da ta yi ritaya. Ina rubuta wannan takarda da yawun wasu mata da maza na cikin garin Maradi da kewaye, waɗanda muka ɗora wa kanmu leƙa gidajen da ake riƙon marayu, da yaran da auren iyayensu ya mutu, da waɗanda ciwo ko ɗauri ko tafiya ta raba su da iyaye. A cikinmu akwai tsofaffin malamai, akwai ungozoma, akwai tela, akwai 'yan kasuwa da ɗalibai. Ba mu da ofis, ba mu da mota, ba wanda ke biyan mu, kuma ba kuɗi muka zo roƙo ba. Mun zo ne da maganar yaran da ba su da bakin da zai kai gabanku, musamman 'yan ɗaki ɗaya da ake watsawa gari-gari ba tare da kowa ya rubuta inda suka nufa ba.

Tun farko ina so a fahimce mu, ba mu zo kushe riƙo ba. Da yawa daga cikinmu a hannun goggo ko kaka muka tashi, kuma da ba don riƙo ba da marayun ƙasar nan sun cika titi. Bahaushe bai jira gidan marayu ba kafin ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa ya haɗa da nasa a kwano ɗaya. Allah ya saka wa masu yi da alheri. Kukanmu a kan wani gurbi ne da aka bari a buɗe. Tun shekarar 2014 ƙasarmu ke da dokar da ta fayyace aikin alƙalin yara, har da kula da yaron da ke cikin hatsari ko da bai aikata laifin komai ba. A 2019 kuma gwamnati ta fitar da dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har ƙauye. Mun yi murna da duka biyun. Amma a iya abin da muke gani a unguwanninmu, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, daga Bagalam zuwa Sura Bildi, har yau ba a ɗora wa kowa nauyin tambayar yaron riƙo ina yayarsa take, ina ƙanensa yake, yaushe rabonsa da ganinsu.

Abu na farko shi ne yadda ake rabon yaran tun asali. Kowa a nan ya san yadda take kasancewa. An yi rasuwa, an yi zaman makoki, ranar sadakar bakwai ko ta arba'in dangi sun hallara, kowa yana sauri ya kama hanya kafin motar garinsu ta tashi. Sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, to, yaran nan fa? A nan tsakar gida, kafin la'asar, ake yanke maganar da za ta bi yaro har tsufansa. Goggo ta ce a ba ta babbar, don ta isa aiki. Kawu ya ce zai tafi da namijin ya kai shi wurin malam. Ta tsakiyar a ce ta bi kaka ƙauye. Auta kuwa, wanda bai iya komai ba sai ci da kuka, shi ake ta tura wa juna har wata mai tausayi ta ce a kawo shi. Ana raba su yadda ake raba kwanuka da tabarmin mamaciya, su kuma suna rakuɓe a bakin ƙofa suna jin ana ambaton sunayensu, ba wanda ya juya ya ce musu, ku wa kuke so?

Galibi ba mugunta ke kawo haka ba, rashi ne. Magidancin da ke da 'ya'ya 8 nasa na kansa, yana auna hatsi tiya-tiya, ba ka ce masa ya ƙara 5 a lokaci guda ba. Mun san wannan sarai. Amma sau da yawa akwai wata mafita da ba a ma duba ta ba, saboda ba wanda aikinsa ne ya duba. Ana iya barin yaran tare a gida ɗaya, sauran dangi su riƙa aiko da abinci maimakon kowa ya ɗauki yaro. Ana iya raba su biyu-biyu maimakon ɗaya-ɗaya. Ana iya zaɓar gidajen da ke unguwa ɗaya, su riƙa haɗuwa a makaranta da islamiyya. Sai mutum ya zauna da dangin cikin natsuwa kafin ranar watsewa irin wannan shawara ke fitowa.

Akwai wasu yara 4 da na sani tun uwarsu na da rai. Uban ya rasu, uwar ta yi doguwar jinya ta bi shi. Duk tsawon jinyar nan babbar, 'yar shekara 12, ita ke goya autan, ita ke dama masa kunu, ita ke wanke shi, bayanta kawai ya sani. Aka bar ta a nan cikin gari wurin ƙanwar ubansu, shi kuma aka kai shi wani ƙauye ta wajen Gidan Runji. Matar da ta karɓe shi mutuniyar kirki ce, ba ta rage shi da komai ba. Amma yaro ya ƙi abinci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, magana ma ta ɗauke, sai dai ya bi mutane da ido. Aka yi rubutu aka ba shi, aka kai shi likita aka ce ba a ga ciwo ba. A nan gari kuwa, ranar da na je ganin yarinyar, ta ja ni bayan ɗaki, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini 'yan kuɗin da take ƙullewa, dala biyar-biyar da dala goma-goma, ragowar abin da ake ba ta in ta dawo daga talla. Ta ce, "Malama, nawa ne kuɗin mota zuwa wurin ƙanena?" Ko sunan ƙauyen ba ta sani ba. Sai da muka bi ta hannun wata tsohuwa a dangin, aka lallashi goggon, sannan aka bar ta ta je ranar wata kasuwa. A hannunta ya fara cin tuwo. Namijin da aka kai almajiranci ƙetaren iyaka kuwa, har yanzu da nake wannan rubutu ba a samu wanda ke riƙe da lambar malaminsa ba.

Wannan ya kawo ni ga abu na biyu, wato nisa. Zumunta a ƙafa take, amma yaro ba shi da ikon ƙafarsa. Ba shi da kuɗin kabu-kabu balle na mota, ba shi da salula, kuma ko wayar gidan ce sai mariƙiya ta ga dama. Tsakanin Maradi da Tibiri ba wata tafiya ba ce ga babba, amma mun ga 'yan'uwan da ke waɗannan garuruwa biyu suka shekara ba su sa juna a ido ba. To ina ga wanda aka kai Dakoro, ko Mayahi, ko Tasawa? Ina ga wanda aka tsallakar da shi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ko Katsina ko Kano? Mu a nan rabin danginmu na can. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 har ƙarshen 2020, da lokacin da aka sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, kowa ya yi maganar shinkafa da man fetur da manyan motocin da suka maƙale. Ba mu ji wanda ya yi maganar yaran da ke gefe biyu na iyakar ba, waɗanda shekara guda a wurinsu ta isa ƙaramin ya manta fuskar babban.

Akwai kuma wani nisan da ba na hanya ba. Wata mariƙiyar da gangan take hana ziyara, tana cewa in yaro ya ga 'yan'uwansa zai dawo yana kuka, ba zai saba da gidan ba. Wani lokacin kuma rigimar gado ce tsakanin dangin uba da dangin uwa, manya sun daina gaisawa, sai a hana yara ma. In aure ne ya mutu, a al'adarmu yaron da ya kai wajen shekara 7 uba ke ɗauka, ƙananan su bi uwa, in ta yi wani aure su zama agola a gidan da yayansu ba shi da fuskar shiga. Duk waɗannan hanyoyi wuri ɗaya suke ɓullewa: yaran da suka sha nono ɗaya su girma ba su san halin juna ba, ranar da ɗaya ya shiga wahala ba ya jin yana da wurin zuwa.

Abu na uku takardu ne. Yaro yana barin gidan ubansa da 'yan tufafinsa a leda, takardar haihuwa da katin rigakafi kuwa suna can cikin akwatin mamaciya, in ma an taɓa yi. Dokar 2019 kan rajistar haihuwa ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwar yaro, wanda ya wuce wa'adin sai an bi ta kotu. Mariƙin da ke fama da abin sa wa a tukunya ba shi ne zai bar sana'arsa ya yi ta zarya ba. Na koyar a ajin ƙarshe na firamare, na ga yadda yaro mai ƙoƙari ke tsayawa cak lokacin rubuta sunayen masu jarrabawa saboda ba shi da takarda, kuma yawancin irin waɗannan yaran na riƙo ne. Wani ma a gidan riƙo ake rubuta shi da sunan mariƙinsa, alhali Alƙur'ani a cikin Suratul Ahzab ya ce a kira su da sunan ubanninsu. Sai ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da sunan uba daban a takarda.

Ba takardar hukuma kaɗai ke ɓacewa ba. Babbar 'ya ita ce ta san wane magani ne ba ya karɓar ƙanenta, ita ta san wace maƙwabciya ce ta shayar da shi lokacin da uwarsu ke kwance, maganar da addini bai ɗauke ta da wasa ba ranar da za a yi masa aure. Ita ta san inda gonar ubansu ta tsaya. In an raba su an yanke hulɗa, duk wannan sani ya tafi da ita. Gonar maraya kuwa ba ta daɗewa a hannun da ba a sa masa ido. Yara 4 da ke wuri ɗaya suna jin labari in an sa gonarsu a kasuwa. Waɗanda ke garuruwa 4 sai sun girma suke tarar da wani ya gina gida a kai.

Abu na huɗu, kuma shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne rashin wanda zai tsaya wa yaro. A duk zaman da ake yi kan yaron riƙo, kowa da wanda yake karewa. Dangin uba suna kare sunan gidansu, dangin uwa suna kare haƙƙin 'yarsu, mariƙi yana kare mutuncinsa. Ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a suna iya ƙoƙarinsu, mun shaida, amma ba su da yawan da za su shiga kowane gida a jihar da ta kai girman tamu, kuma yawancin riƙo ba ya ma zuwa gabansu, a zaure ake ƙulla shi. Mu da muke zuwa don Allah ba mu da wata takarda. In mai gida ya yi mana maraba, alheri ne ya yi mana. In ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ke wace ce a danginmu?" ba mu da amsa, sai mu ba da haƙuri mu juya. Abin baƙin cikin shi ne gidan da aka fi buƙatar a shiga shi ne ya fi saurin rufe ƙofa. Yarinyar da aka ɗauko da sunan riƙo aka mayar 'yar aiki, ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida suna lakwal ita tana bakin tasha da faranti, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Da 'yar'uwarta na zuwa ko sau ɗaya a wata, da wani ya ji.

Kada a manta da yaran da suka shigo mana tun 2019, lokacin da dubban mutane suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Gudun dare ba ya barin uwa ta ƙirga 'ya'yanta. Akwai yaran da suka iso a hannun maƙwabta, mutanen ƙauyukanmu suka karɓe su hannu biyu. Su ma suna da 'yan'uwa a wani wuri, kuma duk abin da muke roƙo a nan ya haɗa da su.

Abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Sashe na 8 ya ce a kiyaye wa yaro asalinsa, har da dangantakarsa da danginsa. Sashe na 12 ya ba shi damar a ji ta bakinsa a duk abin da ya shafe shi. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gida, sashe na 25 kuma ya ce yaron da hukuma ta ajiye a wani wuri a riƙa komawa ana duba halin da yake ciki. A watan Disamba na 2009 Majalisar ta ƙara da ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, inda aka ce kada a raba 'yan'uwan da suka shaƙu sai in akwai hatsarin cutarwa a fili ko wani dalili na maslahar yaron, kuma ko an raba su a yi duk abin da za a iya don su ci gaba da hulɗa.

Addininmu ya riga su. Tirmizi ya ruwaito cewa a zamanin da ake bauta, Sayyidina Ali ya sayar da ɗaya daga cikin wasu yara biyu 'yan'uwan juna da ke hannunsa. Da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ji, sai ya umarce shi ya mayar da cinikin. In an hana raba 'yan'uwa a kan bayi, ina ga 'ya'yan ɗan'uwanka da ka yi wa salla jiya?

Shi ma aikin sa-kai na tsaya wa yaro an gwada shi a wani wuri ya yi amfani. A birnin Siyatil na Amurka, a 1977, wani alƙali mai suna David Soukup ya ga yana yanke hukunci kan makomar yara ba tare da cikakken labarinsu ba. Sai ya nemi mutanen gari, aka horar da su, kotu ta riƙa naɗa kowane ɗaya ya bi maganar yaro guda ko 'yan gida ɗaya: ya ziyarce su, ya gana da malamansu da masu riƙonsu, ya kawo wa alƙali rahoton abin da ya gani. Yau tsarin ya bazu kusan duk jihohin ƙasar. A 2008 kuma suka yi dokar da ta wajabta ƙoƙarin ajiye 'yan'uwa wuri ɗaya, in bai yiwu ba a shirya musu ziyara a kai a kai. Ba mu ce a kwafo nasu ba, don a can kotu ce ke raba riƙo, a nan kuwa dangi ne. Abin ɗauka shi ne a samu mutum guda wanda ba shi da rabo a gado, ba shi da gaba da kowa, hukuma ta san da shi, aikinsa kawai ya ji ta bakin yaron ya isar.

Don haka ga roƙonmu.

Ranka ya daɗe Mai shari'a, duk yaron da za ka miƙa wa wani gida ko wata cibiya, muna roƙo a fara da tambayar 'yan'uwansa. In ya zama dole a raba su, a rubuta dalili. Mun yarda akwai lokacin da rabuwar ita ce alheri, kamar inda babban ke cutar da ƙaramin. Amma in ba haka ba, a sa maganar ziyara a cikin takardar hukuncin kanta, yadda mariƙi zai san ba alfarma ba ce: ƙaramar salla, babbar salla, wani ɓangare na hutun damina, da kiran waya ko sau ɗaya a mako.

Mai girma Gwamna da shugabannin ma'aikata, muna roƙo a gwada tsarin wakilan yara masu aikin sa-kai, ko da a gunduma ɗaya ce daga cikin gundumomi 3 na birnin Maradi, a ƙarƙashin kwamitocin da doka ta riga ta kafa. Ba mu so a ba kowa kati don ya ce yana son yara. A tantance mu. Kowa ya kawo takardar kotu mai nuna ba a taɓa kama shi da laifi ba, da shaidar mai unguwarsa. A horar da mu yadda ake magana da yaron da ke cikin makoki, da abin da za mu yi in mun ga tabon duka. Kada a ba mutum ɗaya fiye da gida biyu. Mace ta ziyarci 'ya mace, kuma kada a keɓe da yaro a ɗaki a rufe. A hana mu karɓar ko dala daga dangi, a hana ɗaukar hoton maraya a watsa a Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako, don wannan tozarci ne da zai bi yaro har girmansa. Mu riƙa kai rahoto ga ma'aikacin gwamnati duk wata 3, wanda ya saɓa a karɓe katinsa. Mun fi son aiki a ƙarƙashin ido da mu ci gaba da shiga gidajen mutane ba wanda ya san da mu.

Muna kuma roƙo a tallafa wa gidan da ya yarda ya riƙe 'yan'uwa gaba ɗaya. In an zo sayar da hatsi mai rahusa, ko rabon kayan makaranta, ko wani taimakon marasa ƙarfi, a sa irin wannan gida a sahun gaba. Buhun gero guda a lokacin da rumbu ya yi ƙasa yana iya zama abin da zai hana a tura yaro na uku wani gari. Ma'aikatun magajin gari kuma, in an shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka don yin takardun haihuwa, a sanar da mu da wuri mu kawo yaran riƙo, a yi wa 'yan gida ɗaya tare, da sunan ubansu.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Riƙon da ake ƙullawa a zaure ku kaɗai ke iya kaiwa gare shi, don ba a rasuwa a unguwa mai unguwa bai sani ba. Muna roƙo ku umarci masu gari da masu unguwa kowa ya ajiye littafi guda. In an raba yara, a rubuta sunan kowane yaro, da wanda ya ɗauke shi, da garin da aka kai shi, da lambar waya, da abin da uban ya bari na gona ko gida ko dabba. Wannan ba ya cin kuɗin da ya wuce na littafi da biro. Da akwai irin wannan littafi, da ba mu yi ta bin tsofaffi muna tambayar sunan ƙauyen da aka kai yaro ba.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku ake kira addu'ar bakwai da ta arba'in, kuna zaune ake wannan rabo. In liman ya ce a dakata, a kira yaran a ji ta bakinsu, ba dattijon da zai ƙi. Muna roƙo ku riƙa faɗa, kuma ku sa maganar a huɗubar Juma'a. Mutane sun haddace falalar mai ɗaukar nauyin maraya, amma kaɗan ne suka taɓa jin cewa hana shi ganin ɗan'uwansa yanke zumunta ne. Malaman tsangaya kuma, in an kawo muku maraya, ku karɓi lambar wani daga 'yan'uwansa, ku ba da taku, ku bar shi ya je gida da salla.

Daga ɓangarenmu, mun shirya raka yara ziyara da kuɗin motarmu gwargwadon hali, da ara musu wayoyinmu su gaisa, da bin layin takardu a madadin mariƙan da ba su da lokaci. Muna da bayanan gidajen da muka sani, ba za mu watsa su ba saboda sirrin yaran, amma za mu miƙa su ga ma'aikacin da kuka wakilta. Muna roƙo a ba mu rana mu zo gaban kwamitin kare yara na jiha a zamansa mai zuwa, mu zo da wasu daga cikin masu riƙon da suka yarda su yi magana, ku ji daga bakinsu abin da zai sauƙaƙa musu riƙe 'yan'uwa tare.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya jiƙan iyayen waɗannan yara, ya raya su.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar makaranta mai ritaya,
a madadin masu aikin sa-kai da ke ziyartar yaran riƙo a Maradi.